Mata Huɗu, Gurbi Ɗaya: Rubuta Kakannin da Ba a San Sunansu Ba a Salsalar Wani Gida na Kano

Gidan na wani bafatake ne a cikin birnin Kano, wanda ya yi fataucin goro tun ana tafiya da jakuna har jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma rasu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. An san sunansa, an san na mahaifinsa da na kakansa. 'Ya'yansa 11 da suka rayu har suka yi aure, duk an san sunayensu na yanka. Da tattaɓa-kunnensa suka tashi zuba salsalar gidan a kwamfuta, sai aka nemi wanda zai faɗi sunan yanka na ko da mace ɗaya cikin matan da suka haifi waɗannan 'ya'ya, aka rasa.

Madogarar da ke hannu uku ce. Akwai takardar da aka samu cikin gafakar Alƙur'anin maigidan, inda aka jera haihuwar 'ya'ya maza da ajami, kowanne da ranar mako da wata, wasu har da shekarar Hijira, amma babu sunan uwa. Akwai takardar rabon gadonsa, wadda ta lissafa 'ya'ya da sunayensu, ta ce an fitar da tumuni ga matan aure biyu, ba ta kuwa ambaci sunansu ba. Sai hira da wasu tsofaffi biyu, jikokinsa mata, waɗanda suka tashi a gidan. Daga bakinsu aka gane cewa matan huɗu ne: uwargida, wadda kowa ke kira Inna, mai 'ya'ya 4; ta biyu da ake kira Ladi, mai 3; wata da aka rabu da ita tun da wuri ta koma wajen danginta, ta bar ɗa 1; da ƙwarƙwara da ake ce wa Bagwariya, mai 2. Ya rage 'ya mace guda, wadda tsofaffin suka saɓa a kan ɗakin da ta fito.

Ba sakaci ne ya ɓatar da sunayen ba. Alkunya ce. Ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, suruka ba ta kama sunan uwar mijinta, jika kuwa ya buɗe ido ya ji ana cewa Inna, shi ma ya bi. Nasaba a rubuce ta uba take bi, wane ɗan wane ɗan wane. Kabari ba a rubuta masa suna. Mace na iya shekara 80 a gida, kowa na rusuna mata, ta rasu, bayan shekara 40 a nemi sunanta a rasa.

Yadda manhaja ke kallon iyali

Kusan duk manhajojin salsala suna musayar bayanai ta tsarin GEDCOM, wanda Cocin Mormon ya fara fitarwa a 1984. Sigar 5.5.1 ita aka fi amfani da ita, kodayake an fitar da 7.0 a 2021. A wannan tsari ɗa ba ya rataye kai tsaye a jikin ubansa. Akwai rajistar mutum, INDI, akwai kuma rajistar iyali, FAM, mai gurbin miji ɗaya, gurbin mata ɗaya, da jerin 'ya'ya. Ɗa yana nuni ne zuwa ga rajistar iyali. Saboda haka mai mata huɗu rajistar iyali huɗu yake buƙata, ko an san sunan matan ko ba a sani ba.

Wanda ya fara aikin bai san wannan ba. Ya shigar da maigidan, ya yi ta danna wurin ƙara ɗa har sau 11. Manhajar ta buɗe iyali guda, ta bar gurbin uwa fayau, ta zuba duka a ciki. A jadawali abin ya fito tsaf, ba wanda ya ga aibi. Amma abin da fayil ɗin ke faɗa shi ne duk 11 ɗin uwa ɗaya uba ɗaya suke. Duk lissafin dangantakar da manhaja za ta yi daga nan, tana ɗaukar 'yan uba a matsayin 'yan ciki ɗaya. Ranar da wani ya gano sunan uwargida ya cike gurbin, nan take ta zama mahaifiyar kowa, har da 'ya'yan ƙwarƙwara.

A gidan Bahaushe wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Ɗaki shi ne ma'aunin kusanci, kuma a hukuncin gado ɗan'uwa shaƙiƙi yana katange ɗan'uwa li'abi, wato wanda uba kaɗai suka haɗa. Salsalar da ta haɗe ɗakuna ta ɓata ainihin abin da iyali za su koma nema a cikinta wata rana.

Gyaran da ya ƙara ɓata lamari

Na biyu da ya karɓi fayil ɗin ya gane matsalar, ya buɗe iyali huɗu, ya ƙirƙiri mata huɗu. Sai dai bai iya barin gurbin suna fanko ba. Biyu ya rubuta musu "Unknown" a gurbin suna da gurbin sunan dangi duka. Ladi ya sa mata sunan maigidan a matsayin suna na biyu. Ƙwarƙwara ya rubuta "Unknown" a farko, "Bagwariya" a sunan dangi.

Cusa wata kalma a gurbin da ba a sani ba tsohuwar ɗabi'a ce ta masu binciken salsala a Turai da Amurka. Wasu na rubuta NN, gajerun kalmomin Latin masu nufin ban san suna ba, wasu UNK, wasu FNU ko LNU (gajerun kalmomin Turanci masu nufin ba a san sunan farko ko na dangi ba), wasu alamar tambaya tsakanin layuka, wasu dogon layi kawai. A mujallar takarda ba laifi, mai karatu mutum ne, ya san abin da ake nufi. Manhaja ba ta sani ba. Duk abin da ke gurbin suna, suna ne a wajenta. Wanda ya taɓa ganin bizar Amurka ta mai suna guda, an buga masa FNU kamar sunansa na yanka, ya san yadda irin wannan alama ke rikiɗa ta zama suna.

Nan aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Manhajojin salsala suna da kayan aikin neman mutanen da aka shigar sau biyu, wanda ke duba suna, jinsi, shekaru, iyaye da abokin aure. Mata biyu, suna iri ɗaya, ba shekarar haihuwa, miji ɗaya: babu abin da ya fi wannan kama da maimai. Kayan aikin ya kawo shawarar a haɗe su, wani ya amince, uwargida da wadda aka saki suka zama mace guda, ɗan wadda aka saki ya koma ɗakin uwargida. Da yake dama uwargida ce ta riƙe shi, ba wanda ya lura. A Gramps, ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, ana iya janye haɗewa kafin a rufe fayil, amma da an rufe, tarihin janyewa ya tafi, sai dai a koma kwafin ajiya ko a warware da hannu.

Akwai kuma matsalar neman suna ta sauti. Tsarin Soundex yana mai da suna harafi ɗaya da lamba uku. "Unknown" yana zama U525, don haka duk marasa suna na fayil suna faɗawa kwando ɗaya. "Lnu" kuwa L500 yake bayarwa, daidai da Lawan.

Sa wa Ladi sunan mijinta ya fi duka cutarwa. A wasu tsofaffin ƙa'idojin Turawa, in ba a san mace ba akan rubuta ta da sunan mijinta. Ga mai karatu Bahaushe, musamman a kan mutanen wancan zamani, suna na biyu na uba ne. Wanda ya ga sunan zai ɗauka 'yar maigidan ce, ba matarsa ba. Mutanen zamanin ma ba su da sunan dangi da ake gado irin na Turawa. Da makarantar boko ta tilasta suna na biyu, wasu na uba suka ɗauka, wasu na gari, shi ya sa ake da Aminu Kano da Shehu Shagari. Macen da ba a san ubanta ba, gurbinta na biyu fanko ya kamata ya zauna.

Wa ya cancanci rajista

An koma kwafin da ya riga haɗewar, aka mai da aikin cikin Gramps, manhaja ta kyauta da aka fara a 2001, wadda ke barin a ajiye mutum ba tare da suna ba. Kafin a taɓa komai sai da aka tsayar da ƙa'ida: ana buɗe wa marar suna rajista ne idan akwai aƙalla abu ɗaya da aka sani game da shi wanda ba shi da wani wurin zama. Ko yana raba 'ya'ya ɗaki-ɗaki, ko yana haɗa mutum biyu sanannu, ko akwai wani labari nasa na kansa.

Matan huɗu duk sun cika sharaɗi. Iyayensu ba su cika ba, sai guda. Ba a buɗe wa Ladi uba da uwa marasa suna don kawai kowa na da iyaye. Mai yin haka zai wayi gari fayil ɗinsa ya cika da fatalwowi, kowace kuma ƙofa ce ta wata haɗewar kuskure. Wanda aka ware shi ne mahaifin uwargida. Tsofaffin biyu sun yi ittifaƙi cewa auren zumunci ne, 'yar baffan maigidan ce. Wato ubanta ɗan'uwan mahaifin maigida ne. Ba a san sunansa ba, amma in babu shi babu hanyar da manhaja za ta nuna zumuncin. Aka buɗe masa rajista, jinsi namiji, suna fanko, aka rataya shi ƙarƙashin kakan maigidan. An kuma sa shi cikin iyali na daban mai uba kaɗai, domin ba a san ko ɗakinsu ɗaya da ɗan'uwan nasa ba.

Da a ce tsofaffin sun ce kawai "danginsa ce", ba su fayyace ba, da ba a ƙirƙiri kowa ba. Ba a jera marasa suna uku ko huɗu don a cike tazarar da ba a san tsawonta ba. Irin wannan ana rubuta shi ne a ƙarin bayani.

Abin da ke tura mutane rubuta "Unknown" shi ne tsoron jerin sunaye mai layuka fanko, ba ka san wace ce wace ba. Maganinsa yana wajen gurbin suna. Gramps na ba kowane mutum lamba, irin I0014, kowane iyali kuma irin F0006. A saitunan rubutu akwai wurin da ake zaɓar abin da za a nuna idan suna ya ɓace. An sauya shi zuwa "ba a san suna ba". Wannan nuni ne kawai a fuskar allo da rahoto, ba ya shiga cikin bayanan, ba ya bin fayil idan an fitar da shi. An kuma ƙirƙiri tambari mai launi, aka manna wa duk marar suna, don a iya tace su a fito da su lokaci guda. Kowacce aka rubuta mata layi ɗaya na bayani: matar wane ce, ta nawa, uwar su wane. A cikin bayanin an ambaci 'ya'ya da sunayensu maimakon lambobi, saboda akwai kayan aikin sake jera lambobi, wanda in an kunna shi I0014 na iya komawa kan wani.

Inna, Ladi da Bagwariya ba abu ɗaya ba ne

Nan aka fi daɗewa. Abin da ake kiran mutum da shi a Hausa kashi-kashi ne, kuma kowane kashi da wurin zamansa a manhaja.

Akwai laƙabin da ke tafe da wani sunan yanka: Dije ga Hadiza, Binta ga Fatima, Indo ga A'isha, Mairo ga Maryam, Kulu ga Hauwa, Abu ga Zainab, haka Garba ga Abubakar, Sanda ga Umaru, Iro ga Ibrahim. Wanda ya samu irin wannan ya samu suna, sai dai ya rubuta cewa daga laƙabi ya ciro shi.

Akwai laƙabin da ke na mutum ne shi kansa, amma ba ya nuna sunan yanka. Ladi na cikinsu, da Talatu, Larai, Lami, Jummai, Asabe, da irin su Kande, Gambo, Auta, Azumi. Waɗannan suna ɗauke da labari: Ladi ran Lahadi aka haife ta, Gambo ta biyo tagwaye, Kande ta biyo maza. An yi muhawara kan inda za a sa Ladi. Gramps na da gurbin laƙabi daban, kuma a ido can ya fi dacewa. Amma idan gurbin laƙabi kaɗai aka cike, jerin sunaye zai nuna ta fanko, wasu manhajojin kuma ba sa ɗaukar wannan gurbi idan fayil ya je hannunsu. Sai aka rubuta Ladi a babban gurbin suna, aka sauya nau'in sunan daga na haihuwa zuwa wanda aka fi saninta da shi. A GEDCOM rajistarta kusan haka take:

0 @I0014@ INDI
1 NAME Ladi //
2 TYPE aka
1 SEX F
1 DEAT Y
1 FAMS @F0006@

Karkatattun layuka biyu da ba komai a tsakaninsu su ne gurbin sunan dangi, an bar shi fanko.

Kashi na uku ba suna ba ne sam. Inna, Gwaggo, Iya, Yaya, Amarya, Uwargida, kira ne na dangantaka ko matsayi. Gida ɗaya na iya samun Inna uku a zamani uku. Bagwariya, Banufiya, Babarbariya, asali suke nunawa. Ko a labarin Bayajida, mahaifiyar Karɓagari da Bagwariya kawai aka san ta. Waɗannan duk sun tafi ƙarin bayani, da sunan wadda ta faɗa da ranar hira. Ko asalin ma ba a rubuta shi a matsayin tabbas ba, don a bakin mutanen birni na da, ana iya kiran baiwar da ta fito daga kudu da wannan kalma ba tare da an tantance ƙabilarta ba. Bayi kuma sau da yawa ana sauya musu suna a gidan da suka shiga, don haka ko an samu sunan da ake kiranta da shi, ba lalle ne shi aka raɗa mata ba.

Sunan uwargida ta hanyar takwara aka bi shi. Alkunyar da ta ɓoye sunan ita ce kuma ta adana shi. Mutum ya sa wa 'yarsa sunan mahaifiyarsa, sai ya kasa kiranta da shi, a koma ce mata Uwani ko Ummi. An duba 'ya'yan uwargida maza uku: kowannensu na da 'ya da ake kira da irin wannan laƙabi, kuma dukansu sunan yanka ɗaya suke ɗauke da shi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ba shaida ba ce ta kai tsaye. An shigar da sunan, aka rataya masa madogara mai bayanin yadda aka kai gare shi, aka ba shi matsakaicin mataki cikin matakai 5 na amincewa da Gramps ke da su. Da jika ɗaya ce kawai, da ba a shigar ba, domin Uwani na iya zama takwarar kakarta ta wajen uwa, ko ta wata gwaggo da ta riƙi uban.

Riƙo da sa-ɗaka

Hanyar takwara ta kusa jefa aikin cikin rami. Ɗan wadda aka saki, shi ma 'yarsa ta fari sunan uwargida take ɗauke da shi, ana kuma ce mata Ummi. Wanda ya tsaya a nan zai ƙirga shi cikin 'ya'yan uwargida. Sai da aka tambayi tsofaffin dalla-dalla, ita ta haife shi ko riƙonsa ta yi, kowace a zama daban, suka ce riƙo ne, tun yana ɗan yaye. Tambayar "wace ce uwarsa" ba ta isa a gidan da ake riƙo. Kalmar da za a yi amfani da ita mahaifiya ce, ko a ce wa ta ɗauki cikinsa.

Gramps na barin a sa yaro cikin iyali biyu, a kuma fayyace dangantakarsa da uba daban, da uwa daban: uba na haihuwa, uwa ta riƙo. A cikin Gramps abin na aiki lafiya. Wajen fitarwa ne ake samun tangarɗa. GEDCOM 5.5.1 na da gurbi ɗaya tak, PEDI, ga dangantakar yaro da iyalin gaba ɗaya, ba ya raba uba da uwa. Bambancin sai ya fita cikin alamomin da ba na ƙa'ida ba, waɗanda wata manhajar za ta iya tsallakewa, yaron ya bayyana da mahaifiya biyu. Saboda haka aka bar shi a iyali ɗaya, na mahaifiyarsa marar suna, riƙon kuma aka rubuta shi ta hanyar alaƙa tsakanin mutum da mutum, wadda GEDCOM ke kira ASSO, aka maimaita shi a ƙarin bayani. Ta wannan hanya ake rubuta shayarwa ma, wadda ke haramta aure amma ba ta da gurbi a manhaja ko ɗaya cikin sanannun.

Iyalin ƙwarƙwara ya kawo tambayar nau'in zama. Zaɓin da manhajar ta zo da shi na aure ne, ko zama ba aure, ko haɗin hukuma, ko ba a sani ba. Aure ba daidai ba ne, takardar gado ma ta nuna mata biyu ne suka raba tumuni. Zama ba aure kuwa cin mutunci ne kuma ƙarya: ɗan ƙwarƙwara ɗan halal ne, ɗa ne mai 'yanci, kasonsa na gado daidai da na ɗan uwargida, sarakuna da dama ma ta wannan ɗaki suka fito. An rubuta sabon nau'i da hannu, "sa-ɗaka", wanda Gramps ke karɓa. Ba abin mamaki ba ne samun haka a gidan wannan zamani: dokar Gwamna Lugga ta 'yantar da waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Wani reshe na zuriyarta bai so maganar ta fita ba. Ba a goge ta ba, ba a kuma sauya ta zuwa aure don a faranta musu ba. An kulle bayanin da ɗan kwaɗon sirri da ke jikin kowace rajista, ta yadda idan za a fitar da kwafin da za a raba wa dangi, za a zaɓi a bar abubuwan sirri a baya.

Shekaru da fitar da fayil

Marar suna kuma marar shekara, manhaja na iya ɗaukarsa mai rai. Gramps na lissafi ne da iyakar shekara 110, tana kuma leƙa shekarun dangi. Inda ba ta samu abin kamawa ba, sai ta bar mutum cikin rayayyu, tacewar da ke ɓoye rayayyu ta haɗa da shi. A FamilySearch, wani shafin salsala na intanet, wanda aka yi wa alamar mai rai, wanda ya shigar da shi kaɗai ke ganinsa. Don haka kowace cikin matan an buɗe mata aukuwar rasuwa ko da babu shekara, abin da layin DEAT Y na sama ke nufi ke nan.

Inda aka samu abin kamawa, an sa tazara. Tsofaffi da zamanin sarki suke ƙirga lokaci, ko da wata annoba. "Ta rasu zamanin Sarki Usman" ya zama tsakanin 1919 da 1926, a GEDCOM BET 1919 AND 1926. "An kawo ta gidan tun kafin zuwan Turawa" ya zama kafin 1903. "Ta tafi shekarar yunwar Kakalaba" ya zama wajen 1914. Ba a taɓa mai da tazara shekara guda ta hanyar ɗaukar tsakiyarta ba. Shekarun Hijira na takardar ajami an shigar da su da kalandar Musulunci da Gramps ke da ita, amma an kwafe ainihin rubutun a madogara, domin GEDCOM bai tanadi wannan kalanda ba.

Babban kwafi ana ajiye shi ne a tsarin Gramps na kansa, wanda ba ya zubar da komai. GEDCOM na rabawa ne kawai, kuma sai an tabbata ya fita da tsarin haruffa na UTF-8. Tsohon tsarin ANSEL ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, zai mai da su alamar tambaya ko ya haɗiye su. Bayan kowace fitarwa ana shigo da fayil ɗin cikin sabon kundi fanko a ƙirga: iyali nawa maigidan ke da su, 'ya'ya nawa a kowanne. Wasu shafukan ba sa karɓar gurbi fanko. WikiTree, alal misali, na buƙatar sunan dangi, kuma ƙa'idarsu a rubuta "Unknown". In za a kai salsalar can, a kan kwafi ake bin ƙa'idarsu. A FamilySearch kuwa salsalar ta kowa da kowa ce, baƙo na iya haɗe matan nan gobe, don haka bayanin da ke jikin kowacce ya fara da cewa matan maigidan huɗu ne mabambanta.

'Ya ta goma sha ɗaya

Tsohuwa ɗaya ta ce ɗakin Ladi ta fito, ɗayar ta ce 'yar ƙwarƙwara ce da Ladi ta goya. Takardar ajami maza kaɗai ta jera. Ita kanta ta rasu da ƙuruciya bayan haihuwarta ta fari, ɗa namiji, don haka babu takwarar da za a bi.

Ba a sa ta a ɗakin kowa ba, ba a kuma ƙirƙirar mata uwa marar suna ba. Rajistar mace marar suna tana cewa akwai wata mace ta daban, ga ta, sunanta ne ya ɓace. A nan ba haka ba ne: uwar na cikin huɗun nan, wacce ce ba a tantance ba. Buɗe sabuwar rajista zai ba maigidan mace ta biyar da bai taɓa yi ba. Sai aka buɗe iyali na biyar mai uba kaɗai, gurbin uwa babu kowa, aka rubuta maganganun tsofaffin biyu kowace da madogararta, aka manna tambarin binciken da bai ƙare ba.

Akwai takarda ɗaya da za ta iya raba gardamar. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Ladi maza ya rasu bayan mahaifinsu, bai bar ɗa ba, kuma 'yar da ake saɓani a kanta tana raye a lokacin. Yana da shaƙiƙi namiji, wanda ke katange duk 'yan uba, maza da mata. In sunanta ya fito cikin waɗanda suka ci gadonsa, 'yar Ladi ce. In an raba ba ta ciki, ba ɗakinsu ɗaya ba. Abin da aka sa a gaba yanzu shi ne neman kwafin wannan rabo, a hannun zuriyar shaƙiƙin ko a rajistocin alƙalai na zamanin En'e.